Shuke-shuken Ƙawa Masu Jure Fari a Yanayin Bahar Rum: Nazari a Kan Illar Ban-ruwa a Lokacin Zafi

Tsakure

Wannan maƙala ta duba dabarun da shuke-shuken ƙawa na yankuna masu yanayin Bahar Rum suke bi su tsallake watannin fari, ta auna su da irin kulawar da ake ba su a lambu. Matsayar maƙalar ita ce sau da yawa ruwan da mai lambu ke zuba musu a tsakiyar zafi ne yake kashe su, don haka lokacin dashe da magudanar ruwa sun fi jerin sunayen furanni muhimmanci.

Gabatarwa

Yankuna biyar ne ke da wannan yanayi: kewayen Bahar Rum, Kaliforniya, tsakiyar Cile, yankin Kef na Afirka ta Kudu, da kudanci da kudu maso yammacin Ostireliya. Galibin ruwansu a hunturu yake sauka, lokacin zafi kuwa sai a yi watanni sama ba ta zubo ba. Ƙarancin ruwa ya mai da batun furanni batun hukuma. A 2015 gwamnan Kaliforniya Jerry Brown ya umarci birane su rage ruwan da suke amfani da shi da kashi 25 cikin ɗari, aka kuma ƙarfafa cire shimfiɗar ciyawa daga gidaje. A Fabrairun 2018 birnin Kef Taun ya ƙayyade wa kowane mutum lita 50 a rana. Wanda ruwa bai ishe shi wanka ba, ina zai samu na fure?

Dabarun tsallake fari

Juriyar ba iri ɗaya ba ce. Zaitun yana riƙe ganyensa duk shekara, ganye mai tauri. In aka juya bayansa za a ga fari-fari kamar an barbaɗa toka. Ƙananan ɓawo ne da ke rufe ƙofofin numfashi, su rage fitar danshi. Rosmari yana naɗe gefen siririn ganyensa ciki, lafanda kuma ta lulluɓe nata da gashi mai mayar da hasken rana. Cistus ladanifer yana shafe ganyensa da ƙaro mai danƙo da ƙamshi.

Rukuni na biyu ya fi jan hankali, domin su kaucewa suke yi. Phlomis fruticosa tana zubar da faffaɗan ganyen hunturu, ta fitar da ƙanana idan zafi ya shigo. Euphorbia dendroides takan tuɓe ganyenta gaba ɗaya, ta tsaya sanda-sanda har ruwan farko. Amaryllis belladonna ta yankin Kef tana kwanciya a ƙasa cikin kanta mai kama da albasa, sai ƙarshen zafi furen ya ɓullo tun ganye bai fito ba. Mai lambun da bai san wannan ba zai ɗauka shukar ta mutu, ya ɗauko tiyo. A nan ne ɓarnar take farawa.

Illar ban-ruwa da taki

Saiwar waɗannan shuke-shuke ta saba da jiƙa cikin sanyi, da bushewa cikin zafi. Idan danshi da ɗumi suka haɗu a gindinta, ƙwayoyin cuta irin su Phytophthora cinnamomi sukan samu wurin yaɗuwa. Saiwar ta ruɓe, ganye ya yi yaushi, mai lambu ya zaci ƙishirwa ce ya ƙara ruwa. Ceanothus na Kaliforniya ya yi ƙaurin suna da irin wannan mutuwa. Taki ma haka: Protea cynaroides ta taso a ƙasa maras ƙarfi, saiwarta ta ƙware wajen tsotsar sinadarin fosfaras komai ƙanƙantarsa, shi ya sa takin zamani mai yawan fosfaras ke zame mata guba.

Olivier Filippi, mai gandun renon shuke-shuke a kudancin Faransa, ya daɗe yana koyar da hanyar da ta dace da wannan hali. A dasa ƙaramar shuka a farkon saukar ruwa, domin saiwa ta nutsa kafin zafi. A ɗaga ƙasa ko a gauraya ta da tsakuwa, kada ruwa ya kwanta. A yi faffaɗan gurbi kewaye da gindi, a cika shi taf sau ɗaya a mako biyu ko uku a shekarar farko, daga nan a janye hannu. A ganin marubucin nan, wannan janye hannun shi ne mafi wuya, domin dole mai lambu ya yarda lambunsa ya yi toka-toka a tsakiyar zafi. Yayyafi na kullum kuwa saiwar sama kawai yake haifarwa.

Sai a yi hattara wajen zaɓe. Carpobrotus edulis, da aka ɗauko daga Afirka ta Kudu, ta mamaye gaɓar teku a Kaliforniya da Bahar Rum, tana danne tsirran asali. Nerium oleander kuma, duk kyan furensa, guba ne ga mutum da dabba.

Abin lura ga ƙasar Hausa

Jure fari a Marsiliya ta kudancin Faransa ba ya nufin jure damina a Kano ko Zinder. Namu ruwan cikin ɗumi yake sauka, Agusta ta haɗa danshi da zafi, wato daidai yanayin da ke ruɓar da saiwar lafanda. Wanda ya nace sai ya shuka ta, tukunya mai huda da ƙasa mai tsakuwa zai nema, ya janye ta ƙarƙashin rumfa idan ruwa ya kankama.