Babban Baƙi Ko Ƙarami? Tarihin Wata Gardama A Sunayen Littattafan Ingilishi

A ƙarshen zangon karatu na bara wata ɗalibata ta shigo ofishina riƙe da kundinta na neman digiri, ranta a ɓace. Malamin da ya fara duba aikin ya zagaye kalmar "with" da jan biro a cikin sunan littafin E. M. Forster na 1908, wato A Room with a View, ya ce a mai da baƙin farko babba. Ta gyara. Da kundin ya isa hannun mai jarrabawa na waje, sai shi ma ya zagaye kalmar, ya ce a mai da baƙin ƙarami. Ta ce da ni, "Malam, don Allah a cikinsu wa ke da gaskiya?" Na ce mata kowannensu yana da littafin da ya dogara da shi. Wannan amsa ba ta gamsar da ita ba, ni ma ba ta gamsar da ni ba. Shi ya sa na ga ya dace in bi sawun gardamar tun daga tushe, domin an ce waiwaye adon tafiya.

Kalmomin da ake taƙaddama a kansu su ne ƙananan kalmomin nan na Ingilishi masu nuna dangantaka ta wuri ko lokaci ko mallaka, irin su "of" da "at" da "with" da "about" da "between". Wanda ya yi karatun Nahawu a zaure zai gane su da sauƙi, don kuwa su ne takwarorin haruffan jarra na Larabci.

Abu na farko da ya kamata a sani shi ne, rubutun Rumawa na asali ba shi da babba da ƙarami. Rubutun da ke gindin hasumiyar Sarki Trajan a birnin Rum, wadda aka kammala a shekarar 113 Miladiyya, manyan baƙaƙe ne zalla. Ƙananan baƙaƙe sun samo asali ne daga hannun masu kwafar littattafai, waɗanda gaggawa ta sa suke lanƙwasa baƙaƙen suna rage musu tsawo. A ƙarshen ƙarni na 8, zamanin Sarki Sharlaman, aka daidaita wani kyakkyawan salon ƙaramin rubutu a gidajen ibada na ƙasar Faransa, kuma ana danganta yaɗuwarsa da malami Alcuin, mutumin York. Wajen shekarar 1400 malaman Italiya, irin su Poggio Bracciolini, suka farfaɗo da wannan salo suka gwama shi da manyan baƙaƙen Rumawa. Wannan gamayya ita ce masu ɗab'i suka gada, ita ce kuma muke rubuta boko da ita a yau.

Da William Caxton ya kafa maɗaba'a ta farko a Ingila a 1476, babu wata tsayayyar ƙa'ida kan inda za a sa babban baƙi. Mai jera baƙaƙen dalma yana ɗauko wanda idonsa ya ga ya fi kyau a shafi, babba ko ƙarami. Dubi bugun farko na wasan kwaikwayon Shakespeare da ya fito a 1600. An rubuta sunansa Much adoe about Nothing. Kalma ta biyu suna ce, amma ta zo da ƙaramin baƙi, ta ƙarshe kuwa ta zo da babba.

Daga tsakiyar ƙarni na 17 zuwa tsakiyar na 18 sai wata al'ada ta kankama, ta fara kusan kowane suna da babban baƙi ko da a tsakiyar jimla ne. Haka aka buga Robinson Crusoe a 1719 da Gulliver's Travels a 1726, kuma haka aka rubuta tsarin mulkin Amurka a 1787. Sai dai kafin ƙarnin ya ƙare al'adar ta fara ja da baya. A 1789 Benjamin Franklin, wanda shi kansa maɗabi'i ne, ya rubuta wa Noah Webster wasiƙa yana kukan cewa masu ɗab'i sun daina girmama sunaye, alhali hakan yana taimakon mai karatu, musamman baƙon harshe. Kukan nasa bai yi amfani ba. Jamusanci ne ya riƙe al'adar har yau, Danmak kuwa ta yar da ita a 1948.

To, a nan ne asalin maganarmu yake. Littafin nahawun Lindley Murray, wanda aka fara bugawa a 1795 kuma ya mamaye makarantun Ingila da Amurka shekaru da dama, ya bayyana cewa an bar tsohuwar al'adar domin tana da wahala, tana kuma cunkushe shafi. Amma da ya zo lissafa wuraren da babban baƙi ya rage, sai ya sa sunayen littattafai a ciki, ya ce a girmama kowane suna da kowace muhimmiyar kalma. Ke nan abin da muke gani yau a bangon littattafan Ingilishi saura ne na wata al'ada da ta mutu a cikin jimla ta sami mafaka a take. Matsalar ita ce ba a yanke wace kalma ce muhimmiya ba. Kowa ya yarda "of" ba ta kai ba. Amma ina matsayin "between" ko "through", masu baƙaƙe bakwai-bakwai, waɗanda suka fi sunaye da yawa tsawo?

Maɗaba'u da ƙungiyoyi ne suka ɗauki nauyin yanke hukunci, kowa da irin nasa. Horace Hart ya tsara wa ma'aikatan maɗaba'ar Jami'ar Oxford ƙa'idoji a 1893. Maɗaba'ar Jami'ar Shikago ta fitar da nata littafin a 1906. Ƙungiyar malaman harsuna da adabi ta Amurka, MLA, ta fitar da takardar ƙa'idojinta a 1951, kamfanin dillancin labarai na AP kuma ya fitar da nasa a 1953. Daga nan mazhabobi biyu suka bayyana. Ta farko tana duban aikin kalma a nahawu: muddin harafin jarra ce, to ƙaramin baƙi za ta ɗauka komai tsawonta. MLA tana kan wannan har yanzu. Ta biyu tana duban yadda kalma ta cika ido, saboda haka ƙirga baƙaƙe take yi. AP da ƙungiyar masana halayyar ɗan'adam ta Amurka, APA, suna girmama duk wadda ta kai baƙi huɗu. Malamin ɗalibata na farko yana bin 'yan ƙirga, na biyu yana bin 'yan nahawu.

Akwai inda mazhabobin suka haɗu. Kalmar farko tana ɗaukar babban baƙi a wurin kowa, kamar a For Whom the Bell Tolls na Hemingway. A littattafan Achebe, No Longer at Ease na 1960 da Arrow of God na 1964, babu mai jayayya, domin "at" da "of" gajeru ne. A Things Fall Apart kuwa kalmar ƙarshe bayanau ce, ba ta ma shiga gardamar ba. The River Between na Ngugi, na 1965, ya tsira ta fuska biyu: kalmar doguwa ce, kuma ita ce ta ƙarshe.

Abin da zai fi ba mai karatu mamaki shi ne, hukuncin ba ya zama wuri ɗaya. Shekaru da dama Shikago tana cikin 'yan nahawu, har zuwa bugu na 17 na 2017. Amma a bugu na 18, wanda ya fito a 2024, ta sauya, ta ce a girmama duk wadda ta kai baƙi biyar. Saboda haka "about" ta wasan Shakespeare, wadda ta zo da ƙaramin baƙi a 1600, yanzu babba take ɗauka a wurinsu, ita kuwa "with" ta ɗalibata tana nan ƙarama don baƙi ɗaya ya gaza mata. Ɗalibin da ya bi Shikago a 2020 aka yaba masa, in ya maimaita abin da ya rubuta a yau sai a ce ya yi kure.

Ya kamata kuma a lura cewa wannan ciwon kai na Ingilishi ne. Faransanci ba ya girmama kalmomin take haka barkatai, shi ya sa littafin Mariama Bâ na 1979 yake Une si longue lettre, amma fassararsa ta zama So Long a Letter. Ma'aikatan laburare ma, ko da littafin na Ingilishi ne, a katalog kalmar farko da sunayen yanka kawai suke girmamawa. Larabci da ajaminmu ba su san babban baƙi ba sam.

Mu Hausawa mun karɓi babban baƙi ne tare da boko, tun daga ƙa'idojin da Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa, ya tsara a 1912. Harshenmu ya sauƙaƙa mana rabin aikin, domin abin da Bature yake faɗa da "of" mu da ɗafin -n ko -r muke faɗarsa, kamar a Ruwan Bagaja. Sauran ƙananan kalmomin kuwa al'adarmu ta fi karkata ga girmama su duka: Magana Jari Ce, Gaskiya Ta Fi Kwabo, In Da So Da Ƙauna. Wannan hanya tana da sauƙi, ba ta bukatar ƙirga ko tahalili, kuma ban ga dalilin da zai sa mu yar da ita mu ɗauko rigimar da masu ita ma ba su gama ba.

Shawarata ga ɗalibai ita ce, kafin ka fara rubuta kundi ka tambayi sashenku littafin ƙa'idar da yake bi, da kuma bugu na nawa, sa'an nan ka tsaya a kansa daga shafin farko zuwa na ƙarshe. Mu malamai kuma wajibinmu ne mu sanar da wannan a rubuce, mu aika wa mai jarrabawa na waje tare da kundin, domin zalunci ne a rage wa ɗalibi maki kan dokar da ba a gaya masa ba. Ita dai ɗalibata ta bar "with" da ƙaramin baƙi, ta rubuta a gabatarwar kundinta cewa ƙa'idar MLA ta bi. Ranar kare kundi babu wanda ya sake tayar da maganar.