Inshora

inshora (suna, mace, aro daga Turanci): yarjejeniyar da mutum ke biyan kamfani kuɗi, galibi duk shekara, kamfanin kuma ya ɗauki asara idan tsautsayi ya auku. Misali: "Malam, ina takardar inshorarka?"

Wadda dokar Najeriya ta wajabta wa masu mota ita ce mai biyan wanda aka yi wa ɓarna. A ce direba ya daki bayan wata mota a danja, fitila ta tarwatse: laifin nasa ne. Kamfanin inshorarsa zai gyara waccan motar, tasa kuwa sai ya taɓa aljihunsa.

Tun Janairun 2023 hukumar kula da inshora, NAICOM, ta mayar da kuɗin wannan inshorar naira 15,000 ga motar gida, diyyar dukiya kuma har naira miliyan 3.