Kaɗaici da Bunƙasar Talifi: Waiwaye a Kan Abdullahin Gwandu da Abdulƙadir Ɗantafa

1.0 Gabatarwa

Bahaushe bai ɗauki kaɗaici abin so ba. Shi ne ya ce "mutum rahama ne", kuma shi ne ya ce "hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka". Wanda ya cika zama shi kaɗai akan yi masa kallon mai ƙunci, ko mai girman kai, ko wanda wani abu ya taɓa. Duk da haka, idan aka bi diddigin tarihin rubutu a ƙasar Hausa za a tarar cewa wasu daga cikin ayyukan da aka fi tinƙaho da su an samar da su ne a lokacin da masu su suka janye jiki daga fada da hayaniyar jama'a.

Wannan maƙala za ta dubi rayuwar malamai biyu na Daular Sakkwato, wato Abdullahi ɗan Fodiyo da Abdulƙadir ɗan Mustafa, wanda aka fi sani da Ɗantafa. Za a kwatanta su da wasu mawaƙan ƙasar Japan da suka shahara da gudun duniya, sannan a auna abin da aka gano da tarihin kafuwar Kontagora. Manufar ita ce a nuna cewa kaɗaici kan haifar da talifi ne idan ya sami mai ilimi, wanda wani abu ke ci masa tuwo a ƙwarya, kuma wanda bai rufe ƙofarsa ga almajirai ba.

2.0 Ma'anar Kaɗaici a Wajen Malamai

Malaman sufanci sun bambanta abubuwa biyu. Akwai halwa, wadda ke nufin shiga ɗaki na ƙayyadaddun kwanaki, galibi arba'in, domin zikiri da tunani. Akwai kuma uzla, wato ƙaurace wa cuɗanya da mutane na tsawon lokaci domin tsare addini da zuciya. Imam Gazali, wanda ya bar kujerar koyarwa a makarantar Nizamiyya ta Bagadaza a 1095 ya tafi Dimashƙa, ya ware babi guda a cikin Ihya'u Ulumid Din inda ya jera amfanin uzla da illolinta. Bai yanke hukunci ɗaya ga kowa ba, ya nuna cewa abin ya danganta da halin mutum, kuma wanda bai ƙoshi da ilimi ba hasara zai yi idan ya keɓe.

Malaman jihadi sun karanta Gazali, kuma sun san wannan sharaɗi. Shehu Usmanu da kansa, bayan an ci birnin Alƙalawa a 1808, ya koma Sifawa, ya damƙa tafiyar da mulki a hannun ƙanensa Abdullahi da ɗansa Muhammadu Bello, ya duƙufa ga karantarwa da rubutu.

3.0 Abdullahi ɗan Fodiyo: Daga Fagen Fama Zuwa Dawa

Abdullahi ba baƙon jama'a ba ne. Shi ya jagoranci rundunar Shehu a yaƙin Tafkin Kwatto a 1804, kuma shi ne wazirinsa. Amma yaƙe-yaƙen Tsuntsuwa da Alwasa sun cinye malamai da mahaddata masu yawa waɗanda aka faro tafiyar da su tun daga Ɗegel. Waɗanda suka maye gurbinsu, a ganin Abdullahi, hankalinsu ya fi karkata ga ganima da sarauta da dawaki da tufafin alfarma.

A shekara ta huɗu bayan hijira, wato wajejen 1807, runduna ta tashi zuwa Alƙalawa. A kan hanya Abdullahi ya sulale ya bar ta, da niyyar tafiya Makka da Madina ba tare da dawowa ba. A cikin Tazyinul Waraƙat ya ba da labarin yadda shi da abokan tafiya biyar suka kwana uku a dawa ba su ga mutum ba sai sawun giwaye. Dangane da wannan tafiya ya tsara wata ƙasida ta Larabci wadda manazarta ke lissafawa cikin mafiya ƙarfin waƙoƙinsa. A cikinta ya yi begen abokansa da suka rigaya, ya kuma zayyana halayen waɗanda suka saura. Abin lura shi ne muryar mawaƙin ta sauya. Waƙoƙinsa na farkon jihadi na murnar nasara ne da kirarin mazaje, da bakin jama'a yake magana. A wannan kuwa da bakin kansa yake magana, kuma zargin ya juyo cikin gida.

Tafiyar ba ta wuce Kano ba. Mutanen Kano suka tsayar da shi, suka nemi ya rubuta masu abin da za su dogara da shi wajen hukunci. Nan ya wallafa Diya'ul Hukkam, ya kuma karantar da tafsiri, daga baya ya koma gida. Ke nan mutumin da ya gudu daga sha'anin mulki shi ne ya ƙare da rubuta ɗaya daga cikin muhimman littattafan daular a kan tsarin mulki. Nisan da ya yi ne ya ba shi damar hango ɓarakar da na cikin runduna ba su gani ba, amma buƙatar Kanawa ce ta mayar da ɓacin ransa ya zama littafi.

Keɓewa ta biyu ta zo bayan rasuwar Shehu a 1817, lokacin da aka yi wa Muhammadu Bello mubaya'a. Tsakanin baffa da ɗa ya yi sanyi har zuwa sulhun da aka yi a Kalambaina. Daga nan Abdullahi ya sakar wa 'ya'yansa yawancin harkokin Gwandu, rubuce-rubucensa kuma suka ƙara karkata ga zuhudu da gyaran zuciya har ya rasu a 1829. Shi kansa Tazyinul Waraƙat, wanda ya kammala a 1813, kuma Mervyn Hiskett ya buga shi da fassara a Ibadan a 1963, aikin waiwaye ne: mawaƙi ya zauna ya tattara waƙoƙinsa, yana bayyana halin da ya sa ya yi kowace.

4.0 Ɗantafa da Makarantar Salame

An haifi Abdulƙadir Ɗantafa a 1804, shekarar hijira. Mahaifiyarsa Hadiza 'yar Shehu ce, mahaifinsa Malam Mustafa kuwa yana cikin manyan almajiran Shehu. Mai irin wannan nasaba yana iya zama a Sakkwato ko Wurno kusa da fada. Amma ya yi yawancin rayuwarsa a Salame, wani ƙaramin gari da ke arewa da Sakkwato, yana riƙe da makarantar da mahaifinsa ya kafa.

A wannan zama ne ya shiga fagen da malaman zamaninsa kaɗan suka taɓa, wato falsafa. Baya ga littafin tarihi, Raudatul Afkar, ya rubuta Futuhatur Rabbaniyya, inda ya tattauna ra'ayoyin masu jingina rayuwa ga ɗabi'a kaɗai, da kuma Kulliyyatul Alamis Sitta, a kan asalin samuwa. Irin wannan tunani yana buƙatar dogon lokaci da natsuwa, kuma ba kasafai yake samun karɓuwa a majalisar da aka taru domin fatawa da shari'a ba. Ana iya cewa nisan Salame daga fada ya zame masa garkuwa.

Sai dai Salame ba kogo ba ce. Almajirai na zuwa, wasiƙu na kai da kawo, shi ma yana shiga birni. Baturen nan matafiyi, Heinrich Barth, ya sadu da shi a 1853, ya kuma bayyana shi a matsayin mafi ilimin mutanen Sakkwato na wannan zamani. Ya rasu a 1864. A ƙarshen ƙarni na 19 wata rundunar Faransa ta ƙone Salame, abin da ya jawo hasarar littattafai. Wannan ita ce illar ajiye taska a gefe: wurin da ya ba da natsuwar rubutu bai da ganuwar da za ta tsare abin da aka rubuta.

5.0 Kwatanci da Ƙasar Japan

Adabin Japan yana da tsohuwar al'adar marubutan bukka. Kamo no Comei mawaƙin fada ne a birnin Kiyoto. Da aka hana shi muƙamin da yake sa rai a wani wurin bauta na gidansu, sai ya bar birni a 1204, daga baya ya gina 'yar bukka mai faɗin ƙafa goma a tsaunin Hino. A can ya rubuta Hojoki a 1212, inda ya ba da labarin gobarar 1177 da yunwar 1181 zuwa 1182 da girgizar ƙasa ta 1185, domin nuna rashin tabbas na duniya. A ƙarshen littafin ya tuhumi kansa da cewa son da yake yi wa bukkar ma wani nau'i ne na riƙo da duniya.

Haka nan Matsuo Basho, gwanin gajeruwar waƙar nan mai gaɓoɓi 17 da ake kira haiku, ya bar tsakiyar birnin Edo a 1680 ya koma wata bukka a Fukagawa. Amma almajiransa ne suka samar masa da bukkar, kuma a doguwar tafiyarsa ta 1689 yana tare da wani almajirinsa, yana yada zango a gidajen mawaƙa ana tsara baitoci tare.

Aƙidar ta bambanta: su mabiya Buddha ne, malaman Sakkwato kuwa tsoron hisabi ke gabansu. Amma tsarin ɗaya ne. Comei da Abdullahi duk sun ƙware kafin su keɓe, duk ɓacin rai ya kore su, duk kuma abin da suka baro a baya shi ya zama jigon rubutunsu. Basho da Ɗantafa kuwa duk almajirai ne suka raya keɓewarsu.

6.0 Ma'auni Daga Kontagora

Domin kada a ɗauka nisa da fada kaɗai ke haifar da talifi, yana da kyau a dubi wani jikan Shehu, tsaran Ɗantafa. Umaru Nagwamatse, ɗan Sarkin Musulmi Abubakar Atiku, shi ma ya bar Sakkwato ya nausa kudu. A 1859 ɗan'uwansa Sarkin Musulmi Ahmadu Atiku ya ba shi sarautar Sarkin Sudan, kuma shi ya kafa Kontagora, ya rasu a 1876. Jikoki biyu na mutum ɗaya sun yi nesa da cibiya: ɗaya ya bar masarauta, ɗaya ya bar littattafai. Nisa ya ba kowannensu sarari ne kawai, abin da ya shiga da shi kuma shi ya fito da shi.

7.0 Kammalawa

An ga cewa kaɗaicin da ya amfani talifi a Daular Sakkwato yana da sharuɗɗa uku: ilimin da aka tara kafin a keɓe, damuwar da ke neman mafita, da masu sauraro da ke jira a bakin ƙofa. Wannan yana da amfani ga mai nazarin rubutacciyar waƙar Hausa, musamman waƙoƙin wa'azi da zuhudu masu siffanta duniya da tsohuwa mai kwalliyar yaudara. An saba ɗaukar irin wannan jigo a matsayin gado daga adabin Larabci kawai. Tarihin Abdullahi ya nuna cewa bayan gadon akwai takamaiman abin da ya faru da mawaƙi. Saboda haka idan manazarci ya warware ramzin da ke ƙarshen waƙa ya gano shekarar da aka yi ta, aiki bai ƙare ba. Saura ya bincika inda mawaƙin yake zaune a wannan shekara, da abin da ya raba shi da mutane, da kuma wanda ya fara karɓar takardar daga hannunsa.