Tafiyar ƙwallon golf a iska

A wasan golf, abu biyu ke tantance inda ƙwallo zai nufa: inda fuskar sanda ta kalla lokacin bugu, da hanyar da kan sandar ya biyo. Fuskar ce ke da rinjaye kan inda ƙwallon zai fara dosa. Da doguwar sandar bugun farko, kusan kashi 85 cikin ɗari nata ne. Lanƙwasa kuwa daga saɓanin biyun take fitowa. Idan fuskar ta fi hanyar kallon dama, ƙwallon kan juya ya karkata dama. In ta fi kallon hagu, ya yi hagu. Masu koyarwa da yawa sun daɗe suna fifita hanyar, har na'urorin auna bugu, irin na kamfanin TrackMan da aka kafa a Danmak a 2003, suka nuna ba haka ba ne.