Tarihin Asusun Bin Ma'aunin Kasuwa a Amurka

Asusun bin ma'auni wata hanya ce ta zuba jari da ake tara kuɗin jama'a a sayi hannun jarin dukkan kamfanonin da ke cikin wani jeri, maimakon a tsamo 'yan ƙalilan da ake sa ran za su fi saura riba. Tushensa shi ne ma'aunin kasuwa. A 1896 Charles Dow ya fitar da ma'aunin Dow Jones mai kamfanoni 12, sannan a 1957 aka samu S&P 500 mai bin manyan kamfanonin Amurka 500. Da fari amfanin ma'aunan bai wuce nuna tashi da faɗuwar kasuwa ba.

A wancan zamani sana'ar zaɓe ce ke ci. Mai kuɗi yakan nemi dillali ko manajan asusu ya zaɓar masa kamfanoni, ya biya la'ada mai tsoka. Malaman tattalin arziki ne suka fara sa wa sana'ar ayar tambaya. A 1933 Alfred Cowles ya bi diddigin hasashen masu ba da shawara, ya tarar bai fi canki-canka ba. A 1968 Michael Jensen ya auna asusu 115 daga 1945 zuwa 1964, ya gano cewa a jimlace ba su doke kasuwa ba, balle in an cire kuɗin hidima.

Kasuwar da kanta ta ƙara hujja. A farkon shekarun 1970 masu jari sun yi rububin wasu manyan kamfanoni kusan 50 da ake kira Nifty Fifty, irin su Kodak, Polaroid, Xerox da Avon, bisa imanin cewa duk tsadarsu ba a asara. Da kasuwa ta rufta a 1973 da 1974, hannun jarin Polaroid ya zube da kusan kashi 90 cikin ɗari. Daga baya kamfanin ya durƙushe a 2001, Kodak ma a 2012.

Bankin Wells Fargo ne ya fara gwada sabon tsarin bin ma'auni a 1971, da dala miliyan 6 na fanshon ma'aikatan kamfanin Samsonite. A 1974 masanin tattalin arziki Paul Samuelson ya yi kira da a kafa asusun da zai bi S&P 500. John Bogle, wanda ya kafa kamfanin Vanguard, ya buɗe wa gama-garin mutane irinsa a Agustan 1976. An sa ran tara dala miliyan 150, amma abin da ya shigo bai kai miliyan 12 ba, har 'yan kasuwa suka laƙaba masa wautar Bogle.

Hujjar Bogle ta lissafi ce. Masu jari gaba ɗayansu su ne kasuwar, don haka matsakaiciyar ribarsu ita ce ribar kasuwa, kuma wanda aka fi yanka wa la'ada shi zai tashi da kaɗan. Kashi 1 ko 2 a shekara ba ya cika ido, amma a shekara 30 yana cinye kaso mai yawa na dukiya. Binciken Hendrik Bessembinder na 2018 ya ƙara haske: daga 1926 zuwa 2016, kusan kashi 4 cikin ɗari na kamfanoni ne suka samar da dukkan ribar da ta haura ta takardun bashin gwamnati. Mai zaɓe yana iya kuskure su, mai sayen duka kuwa suna hannunsa.

A 1993 kamfanin State Street ya fito da SPDR, asusun da ake cinikinsa a kasuwa kamar hannun jari. Warren Buffett, duk da ya yi suna wajen zaɓe, ya yi fare na dala miliyan 1 cewa asusun S&P 500 zai doke wasu ƙwararrun manajoji daga 2008 zuwa 2017, kuma ya ci da tazara mai yawa. A 2019, shekarar da Bogle ya mutu, kuɗin da ke asusun bin ma'aunin hannayen jarin Amurka ya zarce na asusun zaɓe.

Nasarar ta zo da nata ƙorafin. Asusun yana faɗuwa tare da kasuwa, kamar a 2008 da S&P 500 ya yi asarar kusan kashi 37. Haka kuma kamfanonin kula da asusu BlackRock, Vanguard da State Street sun zama manyan masu hannun jari a akasarin kamfanonin S&P 500, abin da ya sa masana ke muhawara kan yawan ƙuri'un da suke riƙe da su a tarukan masu jari.