Sunan da Ke Fuska da Shaidar da Ke Ciki: Yadda Tarihi Ke Tantance Injin Tsohon Agogo

A watan Nuwamba na 2021, kamfanin gwanjo na Phillips ya sayar da wani agogon hannu ƙirar Omega Speedmaster a birnin Janiba kan kuɗi sama da faran miliyan 3 na Suwizalan. An gabatar da shi a matsayin ɗaya daga cikin na farko-farko da aka ƙera a 1957, kuma kamfanin Omega da kansa ne ya saye shi domin gidan tarihinsa. A 2023 sai kamfanin ya bayyana cewa agogon haɗe-haɗe ne: yawancin sassansa na Omega ne na gaske, amma daga agoguna daban-daban aka tsinto su, ya kuma zargi wasu tsofaffin ma'aikatansa da hannu a lamarin. Idan har maƙerin agogo zai iya ruɗuwa da abin da ke ɗauke da sunansa, ina ga mai saye na gari?

Tushen wannan ruɗani yana cikin yadda sana'ar ta ginu. Tun ƙarni na 18, aikin agogo a tsaunukan Jura rarrabe yake. Wata masana'anta ta ƙera gangar injin, wata ta yi fuska, wata ta yi gidan ƙarfe, sannan mai suna ya harhaɗa ya buga tambarinsa. Gangar injin da ba a kammala ba ita ake kira ébauche da Faransanci. A 1926 manyan masu ƙera ta suka dunƙule a ƙarƙashin kamfanin Ébauches SA, wanda ya riƙa wadata ɗaruruwan masu harhaɗawa. Saboda haka sunan da ke fuskar agogo sau da yawa ba shi ne sunan wanda ya ƙera injinsa ba, kuma wannan ba ha'inci ba ne, tsarin sana'ar ke nan.

Injin Valjoux 72 misali ne a sarari. Shi ne a cikin tsofaffin Rolex Daytona, shi ne kuma a cikin Heuer Carrera na shekarun 1960 da wasu agoguna masu araha. Haka nan samfurin 321 na Omega ya samo asali ne daga masana'antar Lemania, kuma Patek Philippe ya gina wasu agogunansa kan irin wannan ganga. Wannan ya sa mai gyaran agogo da ya san aikinsa, idan ya buɗe murfin baya, yakan fara kai gilashin ƙara girma ƙarƙashin wilin nan mai kai-komo da ke daidaita bugun agogo. A nan masu ƙera ganga suka saba buga ɗan tambarinsu da lambar samfuri.

Amma tambari kaɗai ba ya gamsarwa, sai ya dace da zamaninsa. Omega ya yi amfani da samfurin 321 a Speedmaster daga 1957 zuwa wajen 1968, sannan ya maye gurbinsa da 861. Bambancinsu a bayyane yake ga mai ido: 321 yana da wili mai ginshiƙai da ke sarrafa maɓallan auna lokaci, yana kuma bugu 18,000 a awa guda, 861 ya sauya wannan wili da wani sashe mai sauƙin ƙira, yana bugu 21,600. Duk wanda ya zo da Speedmaster da ya ce na 1960 ne alhali 861 ne a ciki, injin ya ƙaryata shi kafin ya rufe baki. A tsofaffin agogunan Omega, lambar ƙira a jikin injin take, kuma a da ana iya gwada ta da kundin kamfanin don a san lokacin da aka ƙera shi da ƙasar da aka aika shi.

Har dokokin kwastan sun bar sawunsu a jikin ƙarfe. A tsakiyar ƙarni na 20, injunan da aka shigar Amurka sukan ɗauki haruffa uku na mai shigo da su, kamar OXG a kan na Omega da ROW a kan na Rolex. Harajin ya danganta da yawan duwatsun yakutu da ke cikin injin, kuma yana tsananta idan sun haura 17, shi ya sa agoguna da yawa na kasuwar Amurka suka tsaya a 17 cif. Waɗannan alamu suna nuna hanyar da agogo ya bi.

Abin da ya ƙara dagula lissafin shi ne zuwan agogon batir. Bayan Seiko ya fitar da Astron a watan Disamba na 1969, masana'antar Suwizalan ta durƙushe, ma'aikatanta suka ragu daga kusan 90,000 a 1970 zuwa kusan kashi ɗaya cikin uku a shekarun 1980. Kamfanoni suka rufe, kundaye suka ɓace, ragowar kayan gyara suka watsu a kasuwa. A lokacin ba wanda ya ɗauki tsohon agogon wani a matsayin dukiya. Mai gyara yakan cire abin da ya lalace ya sa wanda ya samu, da zuciya ɗaya. Da farashi ya tashi daga baya, waɗannan sassa na gaske suka zama jarin masu haɗe-haɗe.

Darasin agogon Janiba ke nan. Tambayar ko sashe na gaske ne ba ta wadatar ba. Tambayar ita ce ko sassan nan tare suka fito daga masana'anta. Amsar tana samuwa ne idan samfurin inji, lambar ƙira, lambar gida, salon fuska da kundin kamfani duk suka nuna shekara ɗaya, kuma tsufan ƙarafan ya yi daidai da juna. Inda ɗaya ya saɓa, mai saye yana da dalilin dakatawa, komai girman sunan da ke fuskar agogon.