Sana'ar Wanki da Guga: Sayen Shago, Zamanantar da Shi da Kuma Gudanar da Shi

Wanki da guga tsohuwar sana'a ce a garuruwanmu. Da wuya a sami hedkwatar ƙaramar hukuma ko garin kasuwa da babu mai wanki da bahonsa, da sabulunsa, da dutsen guga na gawayi. Abin da ya sauya shi ne shigowar injinan wanki, da kuma ƙaruwar ma'aikata da ɗalibai da gidajen saukar baƙi, waɗanda ba su da lokacin yi wa kansu wanki. Mun shirya wannan bayani ne domin amfanin masu niyyar zuba jarinsu a wannan sana'a, da kuma jami'an ƙananan hukumomi da ke hulɗa da su ta fuskar haraji da tsabtar muhalli.

Shagon da ake jera injina mutum ya biya ya wanke kayansa da kansa ya samo asali ne daga Amurka, inda aka buɗe irinsa na farko a birnin Fort Worth na Jihar Texas a shekarar 1934. Wannan tsari bai dace da yawancin garuruwanmu ba. Mai kawo babbar riga ko shadda ba wanki kaɗai yake saye ba. Sitaci da guga da kyakkyawan ninki su ne rabin abin da yake biya wa kuɗi. Saboda haka shagon da muke magana a kansa shi ne wanda ake kawo kaya a bari, a dawo a karɓa a goge.

Abin dubawa kafin a saya

Sau da yawa mai saye yakan fara da ƙirga injina da tebura. A ganinmu waɗannan su ne mafi ƙanƙantar abin da ke cikin cinikin, domin ana samunsu a kasuwa kowace rana. Abin da ba a iya sayowa a kawo shi ne ruwa. Injin wanki na gida mai ƙofa a gaba yana shan kimanin lita 50 a kowane wanki, wato jarka biyu mai lita 25, tsohon inji mai murfi a sama kuwa yakan sha ninkin haka ko fiye. Shagon da zai yi wanki goma a rana zai buƙaci aƙalla lita 500. Wanda zai dogara da 'yan garuwa sai ya lissafa kuɗin jarka ashirin kullum, kuma da farashin watan Afrilu da Mayu, lokacin da rijiyoyi ke janyewa, ba da farashin damina ba. Idan akwai rijiyar burtsatse a wurin, a bincika ko ta wane ce, a kuma gwada ruwan. Ruwa mai gartsi ba ya kumfa, yana cin sabulu, mai sinadarin ƙarfe kuma yana mayar da farin yadi ruwan ɗorawa.

Bayan ruwa sai maganar haya. Wajibi ne a zauna da mai ginin kansa, a rubuta yarjejeniya da sunan sabon mai shago a gaban shaidu, tare da izinin fasa bango domin bututu da kuma ɗora tanki. Wanda ya kashe kuɗi ya ja famfo a shagon da hayarsa za ta ƙare bayan wata shida, mai gida ya yi wa gyara. Haka kuma a nemi takardun kuɗin wuta, domin tsohon bashi yakan bi mitar wurin, sabon mai shago ne za a yanke wa wuta.

Game da abokan ciniki, kada a yarda da labarin baki. A nemi littafin karɓar kaya na aƙalla wata shida, a kuma zauna a shagon na mako guda wanda ba na jajibirin Sallah ba. Akwai wani abu da masu saye kan manta: jama'a hannun mai guga suke bi, ba allon shago ba. Idan gwanin gugar zai tafi tare da tsohon mai shago ya buɗe wani wuri a unguwar, to rabin cinikin ya tafi. Kayan mutane da ke ajiye ranar miƙa makulli kuwa amana ce, sai a ƙirga su ɗaya bayan ɗaya a rubuta.

Zamanantarwa

Shawararmu ita ce a yi ta mataki-mataki. A inda babu ruwan famfo mai ƙarfi, inji mai baho biyu, ɗaya na wanki ɗaya na matsa, ya fi dacewa, domin ana zuba masa ruwa da bokiti kuma masu gyaransa sun yawaita. Inji mai sarrafa kansa yana buƙatar tanki a sama ko famfon tura ruwa, kuma hawa da saukar wuta na saurin ƙona masa allon lantarki. Injinan gida masu ɗaukar kilo 6 zuwa 8 ba a ƙera su don aiki daga safe zuwa dare ba. Manyan injinan sana'a kuwa da yawansu suna buƙatar wuta mai layi uku, sai a tabbatar akwai ta kafin a biya. Masu sayen na hannu su duba rubutun da ke bayan injin: wutar Najeriya bolt 230 ce, alhali injinan gida da aka ƙera don Amurka na bolt 120 ne.

Ba injin wanki ne ke cin wuta ba, abin da ke yin zafi ne. Inji mai wanki da ruwan sanyi bai cika wuce wat 500 ba, amma dutsen guga guda na lantarki yana cin wat 1,000 zuwa 2,000, injin busarwa kuma ya fi haka. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuɗin tayar da janareta ya ninka, sannan a watan Afrilun 2024 hukumar NERC ta ɗaga kuɗin wuta na rukunin Band A zuwa Naira 225 a kan kowane yunit. Don haka hasken rana zai iya ɗaukar injinan wanki da famfo da fitilu, amma ɗora masa duwatsun guga yana buƙatar manyan batura masu tsada. Ba abin kunya ba ne shago mai injina ya ci gaba da riƙe dutsen gawayi ko na gas. Injin busarwa kuwa, a ƙasar da Allah ya hore wa rana, amfaninsa na watannin Yuli da Agusta ne. Rumfar shanya mai rufi da iska ke ratsawa ta wadatar, kuma tana kare kaya daga ƙurar hunturu.

Ba kowane kaya ake jefawa inji ba. Riga mai aikin hannu, da leshi mai duwatsu, da hula, hannu suke so. Shadda kuma har yanzu masu bugu ne ke fito mata da sheƙi.

Gudanarwa da ƙa'idoji

Kowane kaya ya shigo da lamba da rasit mai nuna adadi, da launi, da tabo ko yagewar da aka gani a gaban mai shi. Yawancin rigingimun wannan sana'a daga ɓatan kaya, ƙuna ko zubar rini suke tasowa, kuma riga guda ta shadda mai tsada tana iya cinye ribar mako. A rubuta a bango yadda ake biyan diyya da kuma wa'adin ajiyar kayan da ba a karɓa ba. A raba aljihun shago da na gida, a riƙa ware wani abu kowane mako domin gyaran inji. Cinikin Alhamis da na makon Sallah ba shi ne ma'auni ba. Kwangilar zannuwan gado daga masauki ko makarantar kwana ita ce ke riƙe shago a lokacin da kasuwa ta yi sanyi.

Ana yin rajistar sunan kasuwanci a hukumar CAC ta intanet, a ƙarƙashin dokar kamfanoni ta 2020, kuma da ita ake buɗe asusun banki da sunan shago. Hukumar SMEDAN, wadda aka kafa a 2003, tana ba da horo da shawara ga ƙananan masana'antu. Duk harajin da aka biya a karɓi rasit na hukuma.

Muna jawo hankalin duba-gari da masu unguwanni kan ruwan wanki. Shago mai injina yana zubar da ɗaruruwan lita a rana, kuma idan aka sake shi kan titi zai zama matattarar sauro da sanadin faɗa da maƙwabta. A haƙa masa rami mai duwatsu da murfi, nesa da rijiyar sha, kuma a tabbatar da hakan tun kafin a ɗaura inji na farko.